Shekarar da Baba Ya Yi wa Katuna Leda

Ummi, kafin ki iya karanta wannan da kanki na san an riga an ba ki labarin gwangwanin nan fiye da sau ɗaya, kuma kowa da yadda yake bayar da shi. Gwaggo Larai takan ce kakanki ya lalata miki gado. Wasu kuma a gidanku na Dayi suna cewa ni na ja masa zagi a waya. Kowanne akwai ɗan gaskiya a ciki, amma babu wanda ke zaune a kan tabarmar nan ran da abin ya faru sai ni da shi. Ni ba mai iya magana a cikin mutane ba ce. A aji ma in malama ta kira sunana sai muryata ta maƙale, ko da na san amsar. Shi ya sa na ware wannan littafin nake rubuta abin da na gani a 'yan shekarun da na yi a duniya, tun ban manta ba, wannan babin kuma naki ne.

Mahaifinki, Yaya Kabiru, tela ne a kasuwar Malumfashi. Tun yana firamare yake tara katunan 'yan ƙwallo, irin waɗanda ake samu a cikin ledar cingam. Cingam ɗin ma ba ya sonsa, ni yake miƙa wa. Da ya girma ya yi aure bai daina ba, sai ma ya koma aikawa Kano direbobi suna kawo masa. A cikin wani tsohon gwangwanin biskit mai jan murfi yake ajiye su. Kafin ya buɗe sai ya wanke hannu ya goge a rigarsa, sannan ya ɗauki kati ta gefe da yatsa biyu, yadda Inna ke ɗaukar waina daga tanda. Ba ya bari in taɓa, amma yana bari in karanta masa lambobin da ke baya yana jerawa. Akwai wani jeri mai kati sittin da ya fi ƙauna. Yana da hamsin da tara. Wanda ya rage shi ne lamba ashirin da uku, wani gola mai koriyar riga.

"Habiba, ran da na sami golan nan, zan ɗinka miki riga kyauta."

"Da ma can biya nake yi?"

"To, zan sa mata aljihu."

A shekarar da na cika sha huɗu, bayan an gama kai auduga Funtuwa, ya kwanta ciwo kwana huɗu, ran na biyar Allah ya karɓi abinsa. Ke lokacin kin fara tsayuwa da bango. Mahaifiyarki ta gama takaba ta koma Dayi da ke, ta bar wa Baba gwangwanin da wayar Yaya, ta ce ba za ta iya kallonsu ba.

Baba manomi ne, auduga da masara da dawa. Yana karanta ajami, ba ya karanta boko, don haka duk takardar da ta shigo gidanmu ni ke karanta masa. Bai taɓa zama ya kalli ƙwallo ba. Da Yaya yana raye ma yakan ce ga gardi da gemu yana wasa da hotuna. Amma bayan rasuwar, in an yi la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ya buɗe gwangwanin. Ba ya jera su bisa lamba, bisa launin riga yake jerawa, jajaye a nan, farare a can. In Inna ta wuce sai ta yi kamar ba ta gani ba.

Da ruwan farko ya sauka, kwanon ɗakinsa ya yi yoyo. Washegari ya taras gindin gwangwanin ya yi tsatsa, kati biyu kuma sun kumbura a gefe. A gidanmu, duk abin da ake tsoron ya lalace, leda ake yi masa. Akwai shago kusa da tasha da ake sa takarda a tsakanin leda biyu a tura ta cikin na'ura mai zafi ta fito a manne, abin da ake cewa laminatin. Takardar gona an yi mata, shaidar haihuwata an yi mata, hoton Kaka na Makka an yi masa. Saboda haka ran kasuwa Baba ya ɗaure gwangwanin a bayan kekensa, ya gaya mini inda za shi. Na tuna Yaya ya taɓa ce mini zafi da ruwa su ne maƙiyan kati. Na buɗe baki, na ga yadda yake gyara igiyar a hankali, sai na rufe. Na ce a dawo lafiya.

Ya dawo da azahar fuskarsa a sake, irin yadda ban gan ta ba tun rasuwar. Ya ɗauko almakashin Yaya ya zauna yana zagaye kusurwar kowace leda, ɗaya bayan ɗaya.

"Don kada su soke hannun Ummi in ta girma," in ji shi.

Na lura masu ƙyalli sun dusashe, wasu kuma iska ta shiga ta yi musu 'yan ƙuraje. Da ya gama ya sa na jera masa bisa lamba yadda Yaya ke yi, a nan ya ga gurbin. Na ba shi labarin golan. Ya tambaye ni ina ake samu, na ce Yaya yana da wani zaure a waya na masu tara kati, a can suke musaya. Ya ce in kunna wayar.

Zauren Masu Kati suke kiransa. Akwai 'yan Funtuwa, 'yan Zariya, 'yan Kano, yawanci ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Yaya da sunan Tela suka san shi. Wata biyar wayar tana kashe, babu wanda ya gaya musu komai. Na jera katunan a kan tabarma na ɗauki hoto. Na rubuta sallama, na rubuta cewa ni ƙanwar Kabiru ce, na zo kan kalmar rasuwa sai na kasa. Ban taɓa haɗa wannan kalmar da sunansa a rubuce ba. Kuma zaure ne na maza zalla, ni ko zauren gidanmu in da baƙi ba na bi ta ciki. Sau uku ina rubutawa ina gogewa. A ƙarshe na tura hoton na rubuta a ƙasa, "Ana neman lamba 23." Ba sallama, ba suna. Wannan laifina ne, Ummi, kuma ina so ki san shi daga bakina.

Ba a daɗe ba wayar ta fara motsi a hannuna. Sun ɗauka Yaya ne ya dawo.

"Tela ya dawo daga ƙauye da shaidar haihuwar 'yan ƙwallo."

"Wata biyar ba a ganinka, ashe kana can kana toya kati."

"Ko sallama babu, ga kuma ɓarna."

Wani Malam Isa daga Zariya ya rubuta cewa a yi a hankali, ba a san dalili ba, amma hotunan dariya suka binne maganarsa. Sai wani mai kiran kansa Sarkin Kati ya turo nasa, dogo. Har yau ina iya faɗinsa da ka.

"Wannan ba aikin mai hankali ba ne. Wanda ya yi wa kati haka bai cancanci ya riƙe ko ɗaya ba. Ina da 23, amma gara in jefa shi a kwata da in ba ka. Tattara su ka zuba a murhu, ko tuwo ya dahu."

Baba yana gefena yana ɓare gyaɗar iri a cikin ƙwarya.

"Sun amsa? Me suka ce?"

"Sun ce sun yi kyau, Baba."

"Wannan mai dogon rubutun fa?"

"Ya ce yana da golan. Ya ce wanda ya yi aikin nan ya iya adana kaya."

"Wa sunansa?"

"Sarkin Kati."

"Har sarki gare su," ya ce, ya yi 'yar dariya ya ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Washegari da safe, kafin ya tafi gona ni kuma in tafi makaranta, ya kira ni. Ya ce ba daidai ba ne mutane su yabe ka ka yi shiru, in danna masa wurin da ake magana. Na ce ina jin data ta ƙare. Ya ce ya riga ya sa a shagon bakin titi da ya dawo daga masallaci. Na riƙe wayar kusa da bakinsa, yatsana a kan madannin. Ya gyara hula kamar suna ganinsa.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar wannan zaure, ina kwananku, ina gajiya, yaya iyali, yaya damina? Sunana Lawal, ni ne mahaifin Kabiru tela. Ban sani ba ko labari ya iso muku, Allah ya yi wa Kabiru rasuwa, wata biyar ke nan. In ya taɓa ɓata wa wani a cikinku rai, don Allah a yafe masa. Katunan nan ni na kai aka yi musu leda, saboda ruwa ya fara taɓa su, kuma ya bar 'yar ƙaramar yarinya da nake so ta taras da su. 'Yata ta karanta mini kyawawan maganganunku, na gode. Musamman Sarkin Kati, Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu adana maka kaya a bayanka."

Na san yadda ake jan yatsa gefe a soke saƙo. Ban ja ba. Na sha tambayar kaina dalili. Wani lokaci in ce tsoro ne, wani lokaci in ce so nake su ji muryarsa.

Ranar ban fahimci komai a aji ba. Da na dawo na tarar zauren ya canza. Maganganun jiya sun ɓace, a gurbin kowace sai ɗan layin nan da ke cewa an goge saƙo, a jere har ƙasa. Bayansu kuma ta'aziyya ce ke ta shigowa. Wani ya ce Tela ya taɓa aiko masa da kati har Kano bai nemi komai ba. Wani ya rubuta, "Allah ya jiƙansa, amma dai gaskiya an ɓata katunan," aka yi masa ca har ya fita daga zauren. Sarkin Kati kaɗai bai goge nasa ba, bai kuma ƙara ko kalma ba. Saƙonsa yana nan tsaye shi kaɗai a tsakiya.

Da la'asar na karanta wa Baba ta'aziyyar, yana cewa amin. Sai ya karɓi wayar ya tura hoton sama da babban yatsansa. Ba ya karanta boko, amma mutum ne da ke gane sawun akuyarsa a cikin na wasu.

"Jiya nan a cike yake da rubutu iri-iri. Yau abu ɗaya nake gani ana ta maimaitawa."

"Gogewa suka yi, Baba."

"Mutum ya yabe ka, sannan ya dawo ya goge?" Ya dube ni. "Tun jiya kike jan bakin hijabinki. Karanta mini wannan da ya rage. Yadda yake."

Na karanta. Har kan murhu da tuwo ban tsallake ba. Inna tana daka a tsakar gida, na ji taɓaryar ta tsaya.

"'Ya'yan da ba su san manya ba," in ji ta. "Kashe wayar nan, Habiba."

"Bari, Hafsatu. Ba su san da wa suke magana ba." Ya juyo gare ni. "Me ledar ta yi musu?"

Na yi masa bayani yadda na iya. Na ce masu tarawa suna son kati yadda ya fito, ita kuwa ledar in ta manne ba ta ciruwa, zafin kuma yana kashe ƙyallin. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hasken rana. Ya daɗe yana kallo.

"Shi Kabiru, da ya gani, zai ji haushi?"

Ummi, ƙaryar tana nan a bakina, ta fi ta jiya ma sauƙi. Da na ce a'a zai so ya yarda. Amma na riga na ga abin da ta jiya ta jawo, dattijo ya gyara hula ya yi wa wanda ya zage shi addu'a a gaban jama'a.

"Zai ji, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya fara mayar da katunan cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya.

"Kina tsaye na ɗaure shi a keke. Kin sani a lokacin?"

"Na sani. Na ji nauyi ne."

"Kunyar nan taki, Habiba, ba kullum take zama ladabi ba."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Ya ɗora gwangwanin a saman kabad, mako uku bai sauko da shi ba. In an yi la'asar yakan shimfiɗa tabarmar ya zauna hannu wofi. Aka kawo takardar rabon taki, ina gida, sai na gan shi ya naɗe ta ya nufi gidan maƙwabcinmu malamin firamare don ya karanta masa. Wannan ya fi mini duka ciwo. Na shiga ɗakin Inna na yi kuka, ta bar ni na yi, sannan ta ce in tashi in tankaɗe gari.

A mako na biyu na ɗauki wayar na rubuta a zauren, wannan karon da sallama da sunana. Na ce ni ce na turo hoton ba tare da na faɗi ko ni wace ce ba, su yi haƙuri. Na ce lokacin da Baba ya yi musu godiya bai san abin da suka rubuta ba, ni na ɓoye masa, amma yanzu ya sani. Na tura. Malam Isa ya amsa ya kira ni 'yata, ya ce duka mun yi gaggawa. Daga baya ya rubuta musu doka a saman zauren, cewa mai shigowa ya yi sallama, mai gani kuma ya tambayi dalili kafin ya yanke hukunci. Ba zan ce miki sun zama waliyyai ba. Har yanzu wayar tana hannuna, kuma har yanzu sukan kaure a kan kati mai lanƙwasasshen gefe. Sai dai in abin ya yi zafi wani yakan rubuta, "A tuna da Baban Tela," sai a ɗan lafa.

Wata Juma'a bayan an gama noman farko, mun ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama sau uku. Na leƙa ta labulen zaure. Wani siririn mutum ne da zai kai shekara talatin, ƙaiƙayin masara a ƙafar wandonsa. Ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa a gaban Baba.

"Sunana Nura, daga kasuwar hatsi ta Funtuwa. Na zo ta'aziyyar Kabiru."

Suka yi addu'a suka shafa. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne sarkin?"

"Baba, don Allah a bar wannan sunan."

Inna ta dama fura ta ba ni in kai. Na ajiye na koma bayan labule, ban tafi ba. Nura ya ce shekara uku suna zolayar juna da Yaya ba su taɓa haɗuwa ba. Yaya Sarkin Rowa yake ce masa, saboda ya hana shi golan. Ya ce amma abin da ya rubuta ranar ya wuce wasa, ko da Kabirun ne ya karanta. Baba ya tambaye shi me ya sa shi bai goge ba kamar sauran.

"Na ga in na goge, kamar ban faɗa ba ne. Alhali na faɗa."

"Addu'ar da na yi maka ban janye ba."

"Ita ce ta hana ni sukuni, Baba."

Baba ya tura masa ƙwaryar furar, ya ce ya sha tukuna, hanyar Funtuwa ba kusa ba ce. Nura ya kurɓa sau biyu. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da ambulan, ya miƙa da hannu biyu. Baba ya buɗe. Daga inda nake na hango koriyar riga. Na kuma hango abin da ban yi tsammani ba, rana tana walƙiya a kan leda. Ashe Nura ya kai shi an yi masa laminatin kafin ya taho.

Baba ya juya katin gaba da baya.

"An ce mini wannan ɓata shi ne."

"Haka ne, Baba. Amma ba zai zauna shi kaɗai daban da 'yan'uwansa ba. Kusurwar ce ban taɓa ba. Na ga a hoto naku a zagaye suke, na ji tsoro in lalata."

Baba ya yi magana bai ko waiwayo ba, don ya san ina nan.

"Habiba, sauko da gwangwanin. Ki haɗo da almakashin yayanki."

Na kawo. Ya zagaye kusurwa huɗun a hankali, Nura yana kallon ƙasa. Da ya gama bai sa shi a gwangwani ba, ni ya miƙa wa.

"Karanta mini lambar."

"Ashirin da uku, Baba."

"To, jera su yadda yake jerawa."

Na jera tun daga ɗaya har sittin, su biyun suna kallo. A ranar da yamma Baba ya ɗauko wata takarda daga aljihu, ta ƙungiyar manoman auduga, ya ajiye a gabana kamar bai taɓa kai wata maƙwabta ba.

Gwaggo Larai tana da gaskiya a abu ɗaya. In kika kai katunan nan wurin masu tarawa, babu mai musaya da ke. Ba na jin za ki kai su. In kin buɗe gwangwanin, ki wanke hannu tukuna, ko da yake yanzu ruwa ba ya yi musu komai. Ki nemi golan mai koriyar riga ki shafa gefensa da yatsa. Za ki ji kusurwa ɗaya ta ƙasa ta fi sauran shiga ciki. A nan hannun kakanki ya yi rawa.